Neman shawara: an ce mu kawo tsarin rage hayaƙi kafin a ba mu kwangila

Akanta daga Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin biro na akantoci a nan Damagaram, mu goma sha ɗaya ne har da mai gadi. Makon jiya wata ƙungiya ta waje da muke neman kwangilar binciken kuɗinta ta aiko da takardu, a ciki akwai shafi guda da ya tsaya mana a wuya: wai mu faɗi yawan hayaƙin kabon da muke fitarwa a shekara, da abin da za mu yi mu rage shi. Shugaban biron ya karanta, ya cire tabarau, ya miƙo mini ya ce, "Ke ce yarinya, ke kika san irin waɗannan." Wallahi ban sani ba. Mu ba matata ba ne kamar SORAZ. Abin da muke da shi kilim biyar, gurup ɗaya mai kuka duk lokacin da kuran ya tafi, mota ɗaya ta zuwa Yamai, sai injin buga takarda. Na yi niyyar rubuta cewa za mu rage takarda kuma mu dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa. Ya isa? Kwana goma suka rage.

Injiniyan lantarki, Maradi:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Kada ki rubuta alkawari ko ɗaya tukuna. Ke fa akanta ce, wannan aikin naki ne, lita kawai za ki ƙirga maimakon jika. Masu irin wannan takarda kashi uku suke raba hayaƙi. Na ɗaya, abin da kuka ƙona da hannunku: gazuwal na gurup da man mota. Na biyu, kuran da kuka saya wajen NIGELEC. Na uku, sauran duka: tafiya a motar haya ko jirgi, takarda, baburan ma'aikata.

Ki ɗauko rasidan mai na wata goma sha biyu. Litar gazuwal ɗaya in ta ƙone tana ba da wajen kilo 2.7 na kabon, litar isansi wajen kilo 2.3. A ce gurup ɗinku yana shan lita 400 a wata, kin ga ya haura tan ɗaya ke nan. Motar ma haka: Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa da dawowa 1,800. In tana shan lita 12 a kilomita 100, tafiya guda ta ci lita 216, wajen rabin tan. Na kuran kuwa, ki tattara kilowat ɗin da ke kan faktir, ki tambayi ƙungiyar wane ma'auni take so a ninka da shi, don kada ki yi da naki su ce ba shi ba. In kin gama za ki ga takardar da kike son ragewa ita ce autar jerin.

Mai gyaran kilim, Zongo:
Injiniya ya manta nawa ɓangaren. Hajiya, sau nawa aka ƙara wa kilim ɗinku gas bara? In ana ƙarawa duk shekara, to yoyo yake, kuma inda ya tafi sama ce. Gas ɗin R410A kilo ɗaya kacal ya kai nauyin wajen tan biyu na kabon wajen ɗumama duniya. Tsohon R22 ma bai yi nisa da haka ba. Mutane sun fi son a ɗura a tafi, don neman wurin yoyo yana cin yini, mu ma wasunmu ɗurin ya fi mana riba, gaskiya ɗaya ce. Ki sa a nemo ramin a toshe. In za ku sayi sabo, ku nemi mai R32, nasa bai kai rabin wancan ba. Sannan a riƙa wanke rariyar. Bayan hunturu nakan buɗe kilim in tarar da ƙura ta yi kauri kamar bargo, injin yana nishi, ɗaki ba sanyi, mai ofis kuma ya mayar da shi 16 yana zagin NIGELEC. Ku bar shi a 25 da fanka a sama.

Ɗan Karkada:
Ni dai abin dariya yake ba ni. Ɗan Nijar hayaƙinsa a shekara wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ne, Ba'amurke ya haura tan goma. Su suka ƙona duniya, mu muke shan zafin Afrilu da ambaliya, kuma mu za a ce mu kawo lissafi? Ki cika masu shafinsu da kalmomi masu daɗi ki karɓi kwangilarki.

Injiniyan lantarki, Maradi:
Ƙorafinka gaskiya ne ɗan'uwa, ban musa ba. Amma biron da aikinsa kama ƙaryar lissafi ne, in aka kama shi da lambar ƙarya a takardarsa, wa zai sake ba shi littafi? Kuma gazuwal ɗin da za a rage, daga aljihun Bazindire yake fita.

Hajiya mai biron fassara, Birni:
Ɗiyata, bari in ba ki nawa labarin. A Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, gurup ya kusa cinye mana jari. Dole ta sa muka sa panno na wutar hasken rana, ba son muhalli ba. Kuskurena na farko, na so su ɗauki komai har kilim da dare, aka kawo mini lissafin da ya sa na zauna. Sai wani yaro ya ce mini, aikin biro ai da rana ne, lokacin da rana take tsaka. Muka sa wanda zai ɗauki kwamfutoci, fitilu, fankoki da kilim ɗaya na ɗakin da kowa ke taruwa in zafi ya yi tsanani. Gurup yanzu sai mu yi kwanaki ba mu tashe shi ba.

Abu biyu za ki kiyaye. Batir mai ruwa ba ya son zafinmu. Namu mun ajiye shi a ɗan ɗakin da ba taga, bai yi ƙarko ba, muka koma na litiyom. Na biyu ƙura. Mai gadinmu duk Asabar da sassafe yana hawa da tsumma da rabin bokiti, kin san ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne. In ya yi fashin mako biyu cikin hunturu, a allon inbata, na'urar da ke juya wutar panno, kike ganin wuta ta ragu.

Dattijo daga Matamaye:
A kan itace zan yi magana. Na ga dashen 3 ga Agusta da yawa: a ɗauki hoto, a watse, kafin kaka awaki sun gama da shi. Mu a nan gawon da ya cika gonakinmu ba dasa shi aka yi ba, tsiron da ya fito da kansa manomi ya sassabe ya bari. In za ku dasa, ku dasa biyar a yammacin ginin, inda rana ke dukan bango da la'asar, ku kewaye su, ku sa sunan mai ba su ruwa. Kada ki rubuta cewa sun shafe hayaƙin gurup, shekaru za su yi kafin su kama wani abin kirki.

Akanta daga Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na kwana kan rasidai. Gurup ne kan gaba, Maris da Afrilu sun fi kowane wata, lokacin rufe lissafin shekara da muke kaiwa dare. Yamai mun je sau tara, uku daga ciki kai takarda ne kawai da za a iya ba kamfanin bas. Na sami rasidin ƙarin gas har biyu na kilim ɗin ɗakin shugaba, wanda kuma shi ne ke kan 16. Baba mai gyara, yaya ake gaya wa mutum irin wannan? Kuma Hajiya, panno nawa kuka fara da shi?