Muhawara: A rage gishiri a shiru, ko a faɗa wa mutanen gida?

Hajiya Binta: Ni dai matsayina ɗaya ne, nasiha ba ta rage gishiri, hannun mai girki ne ke ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. A daina ɗiba da hannu, a riƙa aunawa da cokali. Miyar da ake sa wa dunƙule huɗu a mayar uku, bayan mako biyu a sake ragewa. Harshe yana sabawa in ba a zabge lokaci guda ba.

Malam Sani: Hajiya, ban yarda gaba ɗaya ba. Maigida da ya ji miya salam zai jawo yaji ya barbaɗa, yajin kuma da magi aka daka shi. Ga burodi da taliyar leda da tsire da ake ci a waje. Wanda bai san dalili ba, abin da kika rage a tukunya zai mayar a faranti.

Dakta Amina: Malam, gaskiyarka kan abincin waje, amma ragewa a hankali tana aiki. A Ingila kamfanoni sun riƙa rage gishirin burodi kaɗan-kaɗan, kuma daga 2003 zuwa 2011 cin gishirin jama'a ya sauka da kusan kashi 15 cikin ɗari. Sai dai mai hawan jini dole a faɗa masa, domin ya kula da abin da yake saye.

Hajiya Binta: To, a cike gurbin da daddawa da tafarnuwa da citta da albasa mai yawa. Yajin gida kuma a daka shi ba magi.

Malam Sani: A duba daddawar ma, wata da gishiri ake sarrafa ta. Kanwa kuma sinadarin sodiyam gare ta, shi ne dai abin da ake gudu a gishirin.

Dakta Amina: Haka ne. Akwai kuma gishirin da aka rage masa sodiyam aka maye gurbinsa da wani sinadari, fotasiyam, amma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai da izinin likita. Ɗan gishirin da za a sa a miya kuwa ya zama mai sinadarin ayodin.