Abin da muka tattauna kan ULN2003

Jiya a shago nan Gusau mun sha muhawara kan wanga cif ULN2003, wanda ake amfani da shi kamar makunni wajen kunna kayan lantarki, wani yaro ya auna ƙafar fita da mita, LED guda ce kawai a kai amma ya ga kusan bolt 0.7 maimakon sifili lokacin da cif ɗin ya kunna ta, shi a tunaninshi ya lalace. Oga yace lafiya lau yake, transista biyu ne goye da juna ciki a kowace ƙafar fita, haɗin da ake kira Darlington, shi ya sa ko karan ɗin (wutar da ke gudana) kaɗan ne bolt ɗin ba ya sauka sifili. A karan na 100mA ma wajen bolt 0.9 ne, 350mA yana iya kai 1.6, ga zafi. Shawara dai in 12V ne kar ka damu, amma kayan 3.3V asarar ta yi yawa, gara ka nemi cif mai MOSFET (wani nau'in transista da ba ya cin bolt sosai) irin TBD62003.