Bakin gulbin Rima: wanda ya taɓa zama, aiki ko haye a can, ya ba mu labari

Mai tsara birane, Rijiyar Dorowa

Assalamu alaikum. Makon jiya na raka wani abokina sayen kifi a Kwalkwalawa. Muna tsaye bakin gada da la'asar sakaliya, iska na kaɗawa, masunta na jan jirage zuwa gaɓa, sai ya ce mini, "Kai da ka karanta tsara birane, me ya sa duk faɗin Sakkwato babu inda mutum zai shimfiɗa tabarma da iyalinsa ya kalli ruwa?" Dariya kawai na yi, amma tambayar ta bi ni har gida.

Muhammadu Bello ya kafa garin nan a 1809 a kan tudu, dab da inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato suke haɗuwa. Da ruwan nan da fadamarsa gari ya zaunu. Yau mun ba shi baya, ba abin da muke aika masa sai ruwan kwata da leda. A makaranta an cika mana kunne da misalan waje: yadda tashoshin jiragen ruwa na gabashin Landan suka mutu, aka kafa hukuma a 1981 ta mayar da wurin ofisoshi da gidaje, yadda a babban birnin Koriya ta Kudu aka rushe hanyar sama tsakanin 2003 da 2005, aka tono rafin da ke binne ƙarƙashinta. Mu ba mu da tashar jiragen ruwa. Masana'antun bakin gulbinmu su ne masu buga bulo, masu ɗibar yashi, masu wanki, majema, masu lambu da masunta.

Ba ra'ayi nake nema ba, wannan kowa yana da nasa. Wanda ya taɓa zama, ko aiki, ko haye a can, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Tsohuwar ɗalibar jami'a

Wa alaikumus salam. Ni haye na sani. Ina karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo lokacin ambaliyar Satumba 2010, wajen ƙaramar salla, da ruwa ya yi yawa a madatsar Goronyo ya gangaro ya yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin jami'a na dindindin. Hanyar da muke bi kullum ba mu ko kallonta, rana ɗaya ta zama teku.

Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba sai lokacin. Na ƙulle takarduna cikin leda biyu na ɗora a kai, na riƙe takalmi a hannu. Ruwan ja ne jawur kamar kunun kanwa, yana ɗauke da karan gero da buhunan da ya kwaso daga gonakin mutane. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba yana zaune a tsakiyar jirgin yana kwashe ruwan da ke shigowa da yankakkiyar jarka, bai ɗaga kai ba har muka kai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, ta taho da ƙwaryar nono za ta gari, ta ga ina karkarwa ta ce, "Ɗiyata, bar kallon ruwa, kalli wancan icce." Shi na kalla har muka sauka.

Abin da ya tsaya mini a rai ba tsoron ba ne. Sai a lokacin na gane ba mu ɗalibai kaɗai ke bin hanyar nan ba. Ƙauyukan hayin, masu kawo nono, masu kayan miya, mai ciki da za a kai asibiti, duk a kan zare ɗaya muke rataye. Daga baya an kafa gadar wucin gadi, aka gyara hanya, kowa ya koma harkarsa. Malam mai tsara birane, kafin wurin shimfiɗa tabarma, ka fara zana mana hanya ta biyu. Ko ta ƙafa da kabu-kabu ce.

Ɗan manomin fadama

Allah shi saka miki, Malama, kin hwaɗi gaskiya. Mu a hwadama munka tashi, albasa da tumatir da rani, shinkahwa da damina. Abin da mutanen gari ba su sani ba, ambaliya ba duka ta aka kuka da ita ba. Ruwan da yat taho ya kwanta ya janye, shi ka bar muna laka, shekarar nan ko taki kaɗan munka sa albasa na yi. Wanda muka tsoro shi na wanda ka tahowa dare ɗaya babu sanarwa, shinkahwa ta hidda kai.

Kusa da gonarmu akwai wani kwari, tun muna yara Baba ka ce muna nan hanyar ruwa ta. Wani mai kuɗi ya saye wurin, yas sa tihwa-tihwa na jar ƙasa anka cike, yay yi gini da katanga. Baba ya tahi har wurinai ya ce mishi, "Alhaji, wurin ga ba ya riƙe gida." Ya ce injiniyanai ya duba. Da ruwa yat taho, da bai samu hanyatai ba, sai yak karkato cikin gonakinmu da gidajen talakkawa na gehe. Katangar Alhaji tana nan tsaye, mu munka kwashi asara. Don haka in za ku gyara bakin gulbi, ku bar hwadama ta zan hwadama. Ita ka shanye ruwan da in ba don ita ba cikin ɗakunanku za shi kwana.

Mazauniyar Mabera

Ni ban taɓa zuwa bakin gulbi ba, gulbi ne ke zuwa ƙofar gidana duk Agusta. Magudanar layinmu ta cika da yashi da ledar ruwa, an yi ruwan awa ɗaya sai mu ɗora katifu kan kujeru. Ruwan nan dai ƙarshensa can zai gangara. Gyaran gaɓa daga lambatun unguwa yake farawa.

Jikan majemi

Kakana majemi ne, mahaifina ma ya yi, ni ne na gudu na koma gyaran waya. Da na ga an sa majema cikin lissafi gabana ya faɗi, don duk lokacin da masu zane suka ambace mu, maganar tashi ce ke biyo baya.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don mutane wari kawai suka sani. Fatar jar akuyar Sakkwato ake jiƙawa cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kankare shi a kan gungume da wuƙa mai ƙota biyu. A sake jiƙa ta ta yi laushi, a wanke, sannan a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa da aka daka. Bagaruwar nan ita ce ke jeme fata. A shanya, a shafe ta da mai, a rina ja da karan dafi. Ita ce fatar da ayari ya riƙa kaiwa arewa ta Sahara, har Turawa suka sa mata sunan Maroko saboda ta can ta isa hannunsu. Ina ƙarami aikina shi ne dakan bagaruwa, har yau in na ji ƙamshinta sai in tuna hannun Kaka, baƙi ƙirin har wuyan hannu, sabulu ba ya fitar da shi.

Ruwan da muke zubarwa yana wari, ban musa ba, kuma ba shi da kyau ya shiga inda ake sha. Amma ba irin na manyan masana'antun fata masu aiki da sinadari ba ne, wanda mutanen Kano suka daɗe suna kuka da shi a kogunansu. Namu toka ne da gashi da ruwan ɗiyan itace. An taɓa zuwa aka ce wa su Baba za a mayar da su bayan gari. Suka tambaya, da ruwa a can? Mahauta da dukawa za su bi mu? Ba wanda ya amsa, maganar ta mutu. Majemi yana tsakanin mahauci da baduku ne, in ka raba su ka kashe sana'a uku.

Mai tsara birane, Rijiyar Dorowa

Na gode, ɗan'uwa. Wannan akwai maganinsa ba tare da tashin kowa ba: ramuka biyu ko uku a jere da ruwan zai kwanta datti ya zauna ƙasa, sannan ya ratsa ta fili mai tsakuwa da ciyawar ruwa kafin ya isa gulbi. Ba ya cin wuta, fili yake ci da mai kula. A Fas ta Maroko har yau majemar tsohon gari tana wurinta, baƙi ma har hawa soro suke yi su kalla.

Ɗan kasuwa mai zuwa Yamai

Maganar Malama ta tuna mini Yamai. Su ma jami'arsu tana hayin kogin Kwara, wajen Harobanda. Daga 1970 gada ɗaya suke da ita, ta Kennedy, mota da raƙumi da jaki da mai keke duk a kanta. An buɗe ta biyu a 2011, ta uku a 2021. Na ga bambancin da idona, hayin da da ake ganin kamar ƙauye ya cika da gine-gine. To amma ga inda gizo ke saƙa: gada ta jawo mutane suka zauna a kwari, a 2020 kogi ya cika ya fasa shingen ƙasa, unguwannin hayin suka nutse. Mai masaukina a makarantar firamare ya kwana da iyalinsa makonni. Gada tana kawo gini, in ba a shata inda ba a gini tun kafin a buɗe ta ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wanda ya yi karatu a Indiya

Na je Ahmadabad na ga gaɓar kogin Sabarmati da ake ta yabo. An fara aikin a 2005, aka fara buɗe wa jama'a a 2012. A hoto ba a magana. Na je da azahar, siminti ne dogo gefe da gefe, zafi na tasowa ta tafin takalmi, ban yi minti ashirin ba na nemi inuwa. Ku auna wannan da ranar Afrilu ta Sakkwato da ke wuce digiri 40. Kuma kogin da kuke gani cike, ba ruwansa ba ne, daga magudanar wani kogin daban, Narmada, ake zuba masa a tare shi da madatsa, don shi ma da rani ƙafewa yake. Dubban iyalan da ke zaune a gaɓar an kwashe su, da yawa zuwa nesa da inda suke neman abinci. In wani ya kawo muku hoton nan ya ce haka za a yi wa Rima, ku tambaye shi ina ruwan rani zai fito, ina kuma masu lambu za su.

Malamar Islamiyya, Gidan Igwai

Duk kun yi maganar maza. Sau ɗaya maigidana ya kai mu bakin ruwa da yara ranar salla. Babu makewayi, babu inda zan yi alwala, babu inuwa sai ta wani dogon yaro da samari suka riga suka mamaye. Ƙaramin ya taka fasasshiyar kwalba. Ba mu yi rabin awa ba muka juyo. Ni ba na neman fitila mai launi. Itatuwa, makewayi mai ruwa, ɗan masallaci, hanyar da keken guragu zai bi, da masu sayar da ƙosai da fura a kusa, don inda mata ke sana'a nan mace ke sakin jiki ta zauna. Kuma kada a kewaye a sa kuɗin shiga. Mai yara shida ba zai biya ba.

Direban tifa

Na ga kowa yana kewaye maganarmu, to ga ni. Shekara tara ina ɗibar yashi. Gidajen da kuke ciki da yashin nan aka gina su, bulon ma haka. Amma zan faɗi wadda ke damuna. Inda muka haƙa da rani rami ne mai zurfi, da damina ruwa ya rufe shi ya yi lumui kamar ko'ina. Wata shekara yaron wani mai lambu ya shiga wanka inda ya saba ruwa iya gwiwa, sai ramin da muka bari. Allah ya sa masunta na kusa, suka ciro shi da rai. Uban bai zage ni ba, ya dai zo ya tsaya gaban motata ya dube ni, ya tafi. Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

A nuna mana wurin ɗiba, nesa da ƙafar gada da mashaya, a kafa alama, mu za mu bi. Hana mu gaba ɗaya ba zai yi ba, da dare za a koma yi.

Mai tsara birane, Rijiyar Dorowa

Wallahi na shigo da zanen wurin shaƙatawa a kaina, yanzu na ajiye shi gefe. Abin da ba ni da shi shi ne taswirar inda ruwa ke bi da inda mutane ke bi, kuma wannan ba ta ofis ba ce. Ina so ranar Asabar bayan asuba in taka daga wajen Ƙofar Kware in gangara fadama da littafi, in sa alamar kowane kwari, mashaya, ramin yashi da mahayi. Ɗan manomi, ko Baba zai yarda ya raka ni ya nuna mini tsofaffin hanyoyin ruwa?

Ɗan manomin fadama

Na hwaɗa mishi, ya ce ka taho. Amma ba Asabar ba, ranar shina ban ruwa. Ka zo Lahadi, kuma ka bar takalmin ohis gida, laka na kai ƙwabri.