Bawul ɗin zuciyata ya tsuke, ga damuwa ta yi mini yawa

Admin, a ɓoye sunana. Ina zaune a Mabera, Sakkwato. An yi mini hoton zuciya, likita ya ce bawul ɗin mitral, wata ƙofa da jini ke bi a cikin zuciya, ya tsuke, wai asalinsa ciwon maƙogwaro ne tun ƙuruciya. Ina shan magani. To yanzu rigimar gado ta ɓarke a gidanmu, duk ranar da aka yi cacar baki sai ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku, numfashi ya gagara. Uwar mijina ta ce tunani ne kawai. Damuwa tana ƙara lalata bawul ne?

Ma'aikaciyar jinya: Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Damuwa ba ita ke tsuke bawul ba, amma tana tona asirinsa. Idan rai ya ɓaci, jiki na sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu. Bawul ɗin nan yana tsakanin ɗakuna biyu na hagu, kuma jini na buƙatar lokaci ya ratsa matsattsiyar ƙofa. Da bugun ya yi sauri sai lokacin ya gajarce, jini ya taru baya wajen huhu, shi ne sarƙewar numfashin. Don haka ba shagwaɓa ba ce. Abin da ya fi damuna shi ne ko bugun a birkice yake, ba tsari. Wannan na iya sa jini ya daskare ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ki je UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wajen likitan zuciya a yi miki ECG, wato gwajin tsarin bugun zuciya, ki tambaye shi batun allurar penisilin ta wata-wata, mai hana ciwon maƙogwaron sake taɓa zuciya.

Wani dattijo: 'Yata, ki wakilta mijinki ko ɗan'uwanki a zaman gadon nan. Ba dole sai kin halarta ba, rabonki ba ya ɓacewa.

Mai irin ciwon: Yaya, ki bar goro da shayi mai ƙarfi, ki rage gishiri da magi. Ni rashin barci ya fi tayar mini da shi, balle lokacin zafin Afrilu. Kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Kware saboda damuwar ba hauka ba ne, ko da mutanenmu za su yi surutu.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙari: idan ba kya iya kwanciya sai kin jingina, ƙafafu suka kumbura, ko kika yi tarin jini, kada ki jira ranar kilinik, a tafi asibiti a daren.