Neman shawara: dengi ta kwantar da ɗana, yanzu ana neman jininsa don bincike

Maman Biyu, Kuala Lumpur:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka min, kaina ya kulle. Shekararmu 3 a Malesiya, maigidana yana karatu a nan. Ɗana mai shekara 7 ya fara zazzaɓi makon jiya, da ciwon kai da ciwon bayan ido. Ni na ɗauka maleriya ce irin ta gida, da aka gwada jini sai aka ce dengi ce, wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa. Aka sallame mu da farasitamol, aka ce ya yi ta shan ruwa, mu riƙa dawowa kullum ana duba jininsa. A rana ta biyar zazzaɓin ya sauka, har na yi hamdala na dama masa kunu. Kafin la'asar sai ga ciwon ciki da amai ba ƙaƙƙautawa, hannu da ƙafa suka yi sanyi ƙalau. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, ko ido ya kasa ɗagawa. Kwana biyu ya yi a ɗakin kulawa ta musamman ana ƙara masa ruwa. Alhamdulillahi yanzu ya farfaɗo, har yana neman abinci.

To jiya wata likita ta zo da takarda, ta ce suna bincike kan yadda ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki ke aiki a jikin yaran da dengi ta yi wa tsanani. Suna so su yi amfani da ragowar jinin da aka ɗiba ranar da aka kwantar da shi, bayan wata guda kuma su sake ɗiban kaɗan. Tun da na ji an ambaci ƙwayoyin halitta gabana ke faɗuwa, domin gidanmu mun san sikila, ƙannena biyu ita ta ɗauke su. Wata cutar gado suka gani a jikinsa suke ɓoye mana? Yana da ƙanwa 'yar shekara 3, ita ma abin da zai same ta ke nan? In sa hannu ko in bari?

Hajiya daga Jidda:
Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah ya ƙara masa lafiya. Mu nan tun 1994 ake fama da ita a Jidda, jikokina biyu sun yi. Maganar bincike zan bar wa masu ilimi, ni dai ki tsare ƙanwar. Sauron nan mai ɗigon fari a ƙafa da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma gab da magariba, don haka gidan sauron dare kaɗai bai wadatar ba. A ruwa mai tsabta yake ƙwai: faranti ƙarƙashin tukunyar fulawa, bokitin banɗaki, tsohuwar taya. Duk mako ki zubar, ki kuma dirje bakin mazubin, ƙwan yana manne a jiki ko ya bushe.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Zariya:
Maman Biyu, ki kwantar da hankalinki, abu biyu ne suka cakuɗe miki, kuma kalmar "ƙwayoyin halitta" ce ta jawo. Gwajin sikila da muke yi kafin aure yana duba abin da mutum ya gada daga uwa da uba, wanda ba ya canjawa har ya koma ga Allah. Abin da likitar nan ta faɗa miki daban ne. Jikin ɗan Adam yana da ƙwayoyin halitta wajen dubu 20, amma ba duka ke aiki a lokaci ɗaya ba. Ki ɗauka kamar kasuwa ce mai rumfuna da yawa: rumfunan suna nan kullum, amma waɗanda ke buɗe ranar cin kasuwa ba su ne ke buɗe ranar da gobara ta tashi ba. Su masu binciken suna auna wani saƙo da ake kira RNA a cikin jini don su ga waɗanne ne suka buɗe, waɗanne suka rufe, a ranar da yaro ya fi jin jiki. Shi ya sa suke son jinin bayan wata guda, su kwatanta shi da kansa bayan ya warke.

An daɗe ana irin wannan aikin. A Biyetnam, wani bincike da ya fito a 2009 ya kwatanta yaran da jininsu ya faɗi (wato ƙarfin gudanar jini ya yi ƙasa sosai) saboda dengi da waɗanda ta yi wa sauƙi. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, ƙwayoyin halittar da ke amsa kiran intafiron, wato sinadarin da jiki ke fara fitarwa idan ƙwayar bairos ta shiga, sun fi motsi a yaran da ciwon ya zo musu da sauƙi. A masu tsananin kuwa sun yi lakwas. A 2010 wani binciken kan yaran Kambodiya ya nuna cewa a masu tsanani, aikin fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutirofil da na kumburi ya hau, na sojojin garkuwar jiki da ake kira T da NK kuma ya sauka. Wato garkuwar ba rauni kawai ta yi ba, ta rikice ne, wani ɓangare ya wuce gona da iri, wani ya ja baya. A wannan rikicin ne jijiyoyi ke yoyon ruwan jini zuwa ciki da ƙirji, abin da ya sa hannun ɗanki ya yi sanyi.

Burinsu shi ne abin da ya same ki a rana ta biyar ya daina samun iyaye. A 2019 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da jerin ƙwayoyin halitta 20 da yanayin aikinsu tun farkon zazzaɓi ke nuna wanda ciwon zai tsananta gare shi. Abin bai zama gwajin yau da kullum a asibitoci ba tukuna. Ranar da ya zama, yaro irin naki ba za a ce ya koma gida ba.

Baban Yara, Kano:
Ni dai shawarata kada ki sa hannu. Mu a Kano ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 ba. Kina ƙasar mutane, ba dangin iya ba na baba. Yaro ya warke, ku gode wa Allah ku tafi gida.

Likitar yara, Abuja:
Yaya, tsoronka yana da tushe, ba zan raina shi ba. Amma wancan magani aka bai wa yara, wannan kuwa jini za a duba, babu abin da za a sa a jikin yaron. Duk da haka, Maman Biyu, haƙƙinki ne ki tambaya kafin biro ya taɓa takarda. Wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken? Nawa za su ɗiba? Za a cire sunansa daga jinin? Za a kai shi wata ƙasa, kuma har yaushe za a ajiye? Sannan ki tambaye su kai tsaye: RNA kaɗai za su duba ko har da DNA, wato ɓangaren gado? Su ba ki kwafi, ku karanta ke da maigidanki a tsanake. In kin ƙi, kulawar da ake ba ɗanki ba za ta ragu ba, kuma ko kin sa hannu kina iya janyewa. Ki sani kuma shi kansa ba zai amfana da sakamakon ba, na bayansa ne za su amfana.

Kan maganar gado, ba zan ce miki babu ko kaɗan ba. A 2011 an duba yara kusan dubu 2 a Biyetnam waɗanda jininsu ya faɗi saboda dengi, aka samu bambancin gado a ƙwayoyin halitta biyu da ake kira MICB da PLCE1. Amma tasirinsu ɗan kaɗan ne, ba irin na sikila ba da za a ce ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi nauyi shi ne kamuwa ta biyu. Dengi iri huɗu ce. Wanda ya yi ɗaya ya samu kariya daga ita, amma idan wata irin ta zo daga baya, tsoffin sojojin jikin kan kama ƙwayar ba su kashe ta ba, har ma su taimaka mata ta shiga ƙwayoyin jini. A Kyuba haka aka gani: iri na farko ya ratsa ƙasar a 1977, da na biyu ya zo a 1981 mutum 158 suka rasu, 101 daga cikinsu yara ne.

Maman Biyu, Kuala Lumpur:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi yau na samu na yi barci. Anti Likita, kin tuna min: bara ya yi zazzaɓin kwana uku da 'yan ƙuraje, ba mu je asibiti ba. Ko ita ce ta farko? Kuma akwai allurar rigakafi da zan yi wa ƙanwar?

Likitar yara, Abuja:
Zai iya yiwuwa, da yawa ta farkon ba a ma gane ta. Ki faɗa wa likitocinsa, suna iya ganewa daga gwajin IgG da IgM, wato sinadaran garkuwa da jiki ke yi bayan kamuwa, na jinin farkon ciwon. Rigakafin Qdenga kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin sa ne ga yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a inda cutar ta yi yawa, don haka ƙanwar ba ta kai ba. Shi yayan ki tambaya ko ya dace da shi bayan ya murmure. Tunda gida ɗaya suka kwana bara, ki ɗauka ita ma mai yiwuwa ta yi ta farko. Duk ranar da ta yi zazzaɓi, a gwada ta a kwana biyun farko. Farasitamol kaɗai, ban da ibufurofen da asfirin don suna ƙara zubar jini. Daga rana ta uku zuwa ta bakwai kada idonki ya bar kanta, musamman sa'ad da zazzaɓin ya sauka. Ciwon ciki, yawan amai, jini a dasashi ko hanci, kasala ko ƙin kwanciya, ko ɗaya kika gani ki ɗauke ta zuwa asibiti, ko da tsakar dare ne.