Neman kalma: me za mu kira ecofeminism da Hausa?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum malamai. Gobe da tara na safe ina da shiri a rediyo kan matan farko a ilimin zamantakewa. Harriet Martineau ba ta ba ni wahala ba. Amma da na iso kan Jane Addams, wadda ta kafa Hull House, gidan taimakon talakawa, a Shikago a 1889, har ta karɓi aikin duba-garin shara a unguwarsu don ƙazanta na cin yara, sai na ga dole in taɓo ecofeminism, wato ra'ayin da ke haɗa matsalar mata da ta muhalli, kuma ban san me zan kira shi da Hausa ba. A taimaka.

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Rajin kare mata da muhalli.

Maman Ihsan: Na yi tunaninsa Malam, sai dai kamar an jera aiki biyu ne. Françoise d'Eaubonne da ta ƙirƙiro kalmar a Faransa a 1974, abin da take nufi danniyar guda ce: hannun da ke tatse ƙasa shi ke danne mace.

Ɗan Gobir: Matalli. Mata da muhalli a dunƙule. Shekara biyu ina kawo ta a nan.

Malam Bello: Hausa ba ta yanka kalma ta liƙa haka. Jirgin sama muka ce, farar hula muka ce. Wa zai ji matalli a kasuwa ya gane?

Ɗan Gobir: To muhallin naku Hausa ce? Larabci ne. Da bakin Kano ta fito da tuni kun karɓa.

Yaya Rabi Damagaram: Kullum sai an mayar da ita Kano da Sakkwato, mu nan ba a ko tambayarmu. Ni kalmar "kare" ce ba ta kwanta mini ba. Matan gwagwarmayar Chipko a Indiya da suka tsare itatuwa a 1974, da Wangari Maathai da ta fara dashen itace da matan Kenya a 1977, ba kare su aka yi ba, su suka tashi. Mace mai tafiyar nesa neman itace da ruwa ta fi kowa sanin daji ya ƙare.

Malam Bello: Gaskiyarki Hajiya. A cire "kare". Gwagwarmayar mata don muhalli.

Maman Ihsan: Danniya gudan nan dai ba ta fito ba, amma zan ɗauka, in yi bayani da jimla ɗaya. Na gode.

Ɗan Gobir: A yi da ita goben. Ni ban janye matalli ba.