Neman kalmar Hausa: me za mu kira "composite sample" a gwajin ƙasar da ta gurɓata?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana sabunta ƙa'idojin ɗaukar samfurin ƙasar da aka haƙo aka tara kafin a kwashe ta. Samfur dai mun san shi. Wanda ya rage shi ne "composite sample". Na fi karkata ga "haɗaɗɗen samfur". Masana, me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. "Haɗaɗɗe" a bakin mutane yanzu yana nufin abu mai kyau, sai ma'aikaci ya ɗauka yabon samfurin ake yi. Mu duba yadda aikin yake. Ana ɗiba kaɗan-kaɗan daga wurare da yawa a tulin ƙasar, sama da tsakiya da gindi, a kauce wa fatar tulin, a nutsa kamar santimita 30, domin rana da ruwan sama sun riga sun canza ta waje. A zuba a kwanon ƙarfe mara tsatsa, a gauraya sosai, a baje, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu kallon juna, a sake gaurayawa, har a kai adadin da ɗakin gwaji ke so. Gaurayawar ce ginshiƙin aikin, don haka ni "samfurin gauraya" zan ce. Kowane cokali da aka ɗebo kuma "ɗiba".

Malamar ɗakin gwaji: Na yarda, Injiniya, amma kishiyarsa ma tana buƙatar suna, domin a nan ake yin ɓarna. Misali, ɗiba goma: guda tana da dalma miligiram 1,000 a kilo, tara kuwa 50 kowace. Idan aka gauraya, sakamakon 145 ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sauke ma'aunin dalma a ƙasar gidajen zama daga miligiram 400 zuwa 200 a kilo a Janairun 2024, kuma 145 bai kai ko sabon ma'aunin ba. Ke nan wurin da gubar ta taru ya ɓace a cikin lissafi. Duk inda aka ga tabon mai, ko launi daban, ko aka ji wari, a ɗauke shi shi kaɗai. Wannan na kira "samfurin tilo".

Mai fassara: Hajiya, "samfurin wuri guda" bai fi sauƙi ba?

Malamar ɗakin gwaji: Yana da sauƙi, sai dai tuli ɗaya ma ai wuri guda ne, za a rikice. Tilo ba shi da abokin zama. Kuma a rubuta ƙarara cewa ba a gauraya ƙasar da ake neman sinadarai masu saurin tashi a iska, irin su benzin na cikin fetur. Juyawar kaɗai tana korar su. Kai tsaye ake sa ta a kwalbar gilashi, a toshe nan take, a ajiye cikin sanyi kimanin digiri 4.

Injiniya: Haka ne. A ƙara da wanke cokali da kwano tsakanin samfur da samfur, in ba haka ba gubar tuli ɗaya za ta bi kayan aiki zuwa na gaba.

Mai fassara: To, na rubuta: ɗiba, samfurin gauraya, samfurin tilo. Allah ya saka da alheri. Saura "leachate", ruwan da ke tsatsowa daga tulin.